Dala 140 na biya, sai na ga irinta ta tafi a 70. An yi mini tsada ne?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ne ƙaraminku a nan, wata biyar ke nan da na fara tara tsabar kuɗin mutanen dā. Makon jiya na sayi kwandalar azurfa, dinariyus, ta Markus Oreliyas, sarkin Rum da ya yi mulki daga 161 zuwa 180 Miladiyya. A intanet na saya, hannun wani mai sayarwa, dala 140 har da kuɗin aikowa. Ina ta murna abina, sai jiya da dare ina duba sakamakon wani gwanjo na ci karo da irinta sak, sarki ɗaya, hoton baya ɗaya, an sallama ta a 70. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Don Allah ku gaya mini gaskiya, an yanke ni ne? Kuma a wannan harka da wane awo ake gane mutum ya biya fiye da kima?

Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam. Kafin ka tayar da hankalinka, 70 ɗin me? Dala, yuro ko fam? Sannan lambar da ka gani a shafin sakamako kuɗin guduma ne, wato tayin ƙarshe da aka sallama a kai, mai saye bai tsira da shi kaɗai ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan wanda ya ci, yawanci tsakanin kashi 18 zuwa 25 cikin ɗari. Mu ce 20, to 70 ta koma 84. Zuba kuɗin aikowa da inshora, a ce 20, ta kai 104. In da kati ya biya akwai ɗan ƙari, in ta banki ya tura su ma za su yanki nasu.

Sabon Hannu:
Na koma na duba, yuro ne. Wallahi ban ma lura ba.

Mai Sikeli:
To ka ga ta haura dala 110 ke nan. Ratar da ta hana ka barci ba ta kai dala 30 ba.

Baba Tagulla:
Yaro, barka da shigowa. Ni kalmar da ta tsaya mini a maganarka ita ce "sak". Babu sak a tsabar dā. Ba inji ya buga su ba. Maƙeri ne yake ɗora guntun azurfa a kan hatimin ƙasa, ya aza na sama, ya rafka guduma. Wata ta faɗa tsakiya, wata ta zame har rabin sunan sarki ya fita waje. Hatimi ɗaya ya buga dubbai, na farko su fito da kaifi har ka ƙirga silin gemu, na ƙarshe su fito kamar an shafe su da hannu. Masu sassaƙa hatimin ma ba ɗaya ba ne, akwai gwani, akwai ɗan koyo. Bayan duk wannan ga shekara 1,800 a cikin ƙasa, wata a tulu a rufe, wata a fili ruwa da gishirin ƙasa suna cinta. Kwandala biyu masu lamba ɗaya a kundi, sai ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar, kuma babu wanda aka cuta.

Ɗora mana hoton taka da na waccan, gaba da baya.

Sabon Hannu:
Ga su nan, Baba. Ta hagu ce tawa.

Hajiya Mujiya:
Ai ƙanena, ko ba madubi ana ganin bambanci. Taka rubutun ya zagaye cif, harafi ɗaya bai yanke ba, kuma ta yi wannan duhun tsufa mai kama da toka. Waccan dubi filin da ke bayan kan sarki, duk ƙananan ramuka, azurfar ta ci wuya. Ni da a gabana aka ajiye su, taka zan ɗauka in ƙara kuɗi.

Ɗan La'ada:
Ku yi haƙuri, ni ban iya lallashi ba. Ma'aunina ɗaya ne: in ka mayar da ita kasuwa gobe, nawa za ka ƙirga a hannunka? Ka ba da 140, aka ba ka 85, to 55 ta tafi a banza. Duk sauran zancen duhun tsufa da silin gemu, mutum ne yake rarrashin zuciyarsa.

Mai Sikeli:
In da wannan awon za a bi, babu wanda bai taɓa biyan tsada ba, har kai. Kwandala ta tafi a guduma 100. Mai saye ya biya 120. Mai kaya an cire masa la'adar sayarwa, a ce kashi 10, ya karɓi 90. Ka saya yau ka mayar gobe a farashi ɗaya, kwata ɗin kuɗinka ya narke, alhali ba wanda ya zuga maka ko sisi. Wannan kuɗin shiga da fita ne.

Ɗan La'ada:
Shi ya sa ba na taya abu sai na ga akwai sarari a sama.

Baba Tagulla:
Kai ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi. Amma yaron nan ba jari ya ce yana zubawa ba. Masu jari ma sun gwada. A shekarun 1980 kamfanin Merrill Lynch na Amurka ya buɗe asusun zuba jari a tsoffin tsabar kuɗi, mai suna Athena, da ƙwararru da miliyoyin daloli. A farkon shekarun 1990 aka karyar da kayan, masu hannun jari suka tashi da asara.

Hajiya Mujiya:
Bari in ba ku nawa, ku yanke mini hukunci. A 2015 na sayi mujiyar Atina, tetradirakma ɗin nan, kwandalar azurfa ta birnin Atina na Girka, mai nauyin giram 17 da ɗoriya, kan gunkiyarsu Atina a gaba, mujiya da reshen zaitun a baya, bugun ƙarni na biyar kafin Miladiyya. Shekara biyu ina tara kuɗinta. Na duba sakamakon gwanjo da yawa, abin da na biya shi kowa yake biya a lokacin. Daga wajen 2018 sai mujiyoyi suka cika kasuwa, gwanjo ɗaya ka ga jeri guda, sababbi fil kamar jiya aka buga su. Wadda ta fi tawa kyau ta koma kusan rabin kuɗin tawa. To na biya fiye da kima ko kuwa?

Ɗan La'ada:
Kin yi asara, Hajiya.

Hajiya Mujiya:
Asara na sani, ba ita na tambaya ba.

Malam Hatimi:
Tambayar Hajiya ta raba abu biyu da muke ta cakuɗawa. Ranar da ta saya, kuɗin da ta bayar shi ne kuɗin kasuwa, kuma ta yi bincikenta. Abin da ke binne a ƙasa ba ta da ikon saninsa. Wannan shi ne halin tsabar dā: ba a san adadinta ba, kullum ƙasa tana amayo wata. A 2010 wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono tulu ɗaya a Frome, can Ingila, da tsabar Rumawa 52,503 a ciki, fiye da 760 daga ciki na Karausiyus ne, sarkin da ba a cika samun kuɗinsa a wuri ɗaya da yawa haka ba. Waɗannan gidan tarihi suka tafi, ba su taɓa farashi ba. Amma wani tulun kasuwa yake faɗawa, kamar yadda ya faru da mujiyoyin Hajiya.

Ni inda nake kiran abu tsadar banza shi ne mutum ya biya kuɗin wani abu da babu shi a jikin kwandalar. Mafi yawan wanda nake gani shi ne kuɗin "ƙaranci". Za ka ga an rubuta R4 ko R5 da manyan baƙaƙe, an ninka kuɗin ƙaramar tagullar Kostantin, sarkin Rum, sau goma. Wannan alama ta ƙaranci daga RIC, kundin tsabar sarakunan Rum, aka ɗauko ta, kuma juzu'in da ya ƙunshi Kostantin a 1966 aka buga shi. Marubucin ya ƙirga abin da ya gani ne a manyan gidajen tarihi da tarin da ya samu dubawa. Gidajen tarihi kuwa ba su damu da tara ƙananan tagulla ba. Tun daga lokacin na'urorin neman ƙarfe suka yawaita, Gabashin Turai ya buɗe bayan 1989, abin da aka ce guda ɗaya ne a duniya yau sai ka ga uku a kasuwa. Kuma ko da gaske ƙaranci ne, in bambancin ɗigo ɗaya ne a ƙarƙashin hoton baya ko harafin ɗakin bugu, mutum nawa ne suke nemansa? Ƙaranci ba ya tsada sai an samu mutum biyu da suke so.

Sabon Hannu:
Malam, to me ya sa na ga kuɗin Taibiriyas, sarkin Rum, yana tsada, kuma kowane gwanjo sai na gan shi? Ga shi da yawa, ga tsada.

Malam Hatimi:
Wannan kishiyar wancan ce. Taibiriyas ya yi mulki daga 14 zuwa 37, kuma kusan hoto ɗaya ya riƙa bugawa a dinariyus ɗinsa duk tsawon mulkin, don haka tana da yawa ƙwarai. Amma ana danganta ta da kuɗin harajin da aka ambata a Linjila, masu nema sun wuce masu tara tsaba, har da waɗanda ita kaɗai suke so su mallaka. Haka Oto, wata uku kacal ya yi a kan gado a shekara ta 69, kuma duk mai son cika jerin Kaisarori goma sha biyu na farko na Rum dole ya bi ta kansa. Wannan tsada ce ta gaskiya, don in ka tashi sayarwa masu neman suna nan.

Wadda ba ta gaskiya ba ita ce a ɗauki 'yar tagullar Iskandar Yanayus, sarkin Yahudiya daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya, wadda ake kira anin gwauruwa, a saka ta a akwati mai kyau da takarda mai zanen zinariya, a sayar wa wanda bai sani ba ninkin ba ninkin. Ana samun su tuli. Kuɗin akwati ya biya.

Baba Tagulla:
Tunda kowa yana faɗin nasa, bari in tona kaina, ko yaro ya amfana. Sau biyu na biya tsadar da har yau nake jin kunyarta.

Na farko zuciya ce. Gwanjon kai tsaye ne a intanet, dare ya raba, na rubuta iyakata a takarda ta gabana. Wani ya ɗara ni. Na ce in ƙara tayi taki ɗaya kawai. Ya ƙara, na ƙara. Daga wani wuri na daina kallon kwandalar, shi nake kallo, mutumin da ban san ko a wace ƙasa yake ba. Na ci, a kusan ninki biyu na abin da na rubuta. Da takardar biya ta zo da la'ada a kai sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ku tuna, duk wanda ya ci gwanjo ya biya abin da babu wani a wurin da ya yarda ya biya.

Na biyu ya fi ciwo. Sestartiyus ce ta Hadiriyan, sarkin Rum, babbar tagulla mai cika tafin hannu, koriya shar, gashin kai da gemu kamar yau aka sassaƙa. Shekara huɗu ina nuna wa baƙi. Wata rana wani tsohon abokina ya karɓa, ya sa madubi mai ninki goma, ya karkata ta ga hasken taga, ya yi shiru. Sai ya miƙo mini ya ce in dubi gemun. Layukan sun yanka cikin koren tsatsar, ba ƙarƙashinta suke ba, kuma gindinsu yana da kaifi kamar bakin aska. Kunnen sarki ya suɗe sumul saboda yawo a hannun mutane, amma gashin da ke kusa da kunnen sabo dal. Yaya kunne zai tsufa gashi ya ƙi tsufa? Filin da ke gaban fuska an goge shi kamar faranti. Wani ne ya zauna da ɗan ƙarfe ya sake sassaƙa ta. Kwandalar ta Hadiriyan ce da gaske, amma gemun na wani ne da yake raye a zamaninmu, kuma gemun na biya.

Hajiya Mujiya:
Kai, Baba, sannu. Kun mayar?

Baba Tagulla:
Bayan shekara huɗu? Kuma a gidan gwanjon, jabu kaɗai suke yarda a mayar musu, gyara ba ya cikin sharaɗinsu. Tana nan a aljihun tebur, ita nake fara nuna wa duk sabon shiga.

Mai Leƙe:
Na daɗe ina karatu ban taɓa magana ba. Ba gara mutum ya sayi waɗanda aka rufe a ƙwanson roba da maki a kai ba? Ko da tsada, an huta da irin abin da ya samu Baba.

Mai Sikeli:
Yana taimakawa, amma ka san abin da kake saya. NGC, kamfanin da ke duba tsaba ya rufe ta a robar, suna ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan kyawun bugu, da wani 1 zuwa 5 a kan lafiyar fatar kwandalar, kuma sukan rubuta a takardar in sun ga gyara ko goge. Sai dai su da kansu sun faɗa cewa a tsabar dā ra'ayinsu suke bayarwa, ba su lamunce ingancinta ba. Inda mutane suke ƙonewa shi ne a ɗauki azurfar Gordiyan na Uku, sarkin Rum daga 238 zuwa 244, wadda take cikin mafi yawa a kasuwa, a rufe ta a roba, a nemi ninki uku daga wanda ya saba da kuɗin zamani, inda maki ɗaya yake sauya farashi. Da yawa cikin tsofaffin masu tarawa fasa robar suke yi, don suna son su riƙe abin a hannu.

Ɗan La'ada:
A nan na yarda da kai. Amma salsala fa, wato tarihin hannuwan da kwandala ta bi? Ni ita ce abu ɗaya da nake ƙara kuɗi a kai ba tare da na ji ciwo ba. Kwandalar da aka ga hotonta a kundin gwanjo kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan kayan tarihi, da wuya wata hukuma ta tashi da rana tsaka ta ce ta ƙasarta ce aka sato.

Malam Hatimi:
In salsalar ta tabbata. Ku tuna zinariyar Burutus, wadda ya buga a shekara ta 42 kafin Miladiyya yana alfahari da kisan Yuliyas Kaisar, wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya da rubutun EID MAR, wato ranar da aka yi kisan. Uku kaɗai aka sani na zinariya. A Oktoban 2020 aka yi gwanjon ɗaya a Landan, guduma ta faɗi a fam miliyan 2.7, da la'ada ta zama miliyan 3.24. Sabon Hannu, ka lura, la'ada kaɗai fam 540,000. Daga baya masu gabatar da ƙara na New York suka gano takardun salsalar ƙirƙira ce, a 2023 aka miƙa ta ga ƙasar Girka. Kwandalar ba jabu ba ce, tarihinta ne jabu.

A shekarar ta 2023 kuma aka sayar da zinariyar Pantikapayon, wani tsohon birnin Girkawa, a Zurik, faran miliyan 5.39 na Suwizalan har da la'ada, wadda ta taɓa zama a gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Kuɗin ya fi na Burutus, amma ba na jin akwai mai cewa an cuci wanda ya saya. Don haka in mai sayarwa ya rubuta "daga wani tsohon tari na Turai" ba suna ba shekara ba hoto, kada ka ƙara ko kwabo a kan wannan jimlar.

Mai Leƙe:
Dinarin Musulunci fa, lissafin ɗaya ne?

Malam Hatimi:
Masu tsaurin ra'ayi za su ce ya fita daga zamanin dā, amma misalin yana da kyau. Abdulmalik bin Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla, ba hoto, a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa wajen giram 4.25. Na 77 da na 78 in ka ajiye su tare sai ka karanta shekarar kafin ka bambance, zinariya ɗaya, nauyi ɗaya, amma na 77 ya ninka na 78 nesa ba kusa ba, don shi ne na fari kuma bai da yawa. Akwai kuma na shekara ta 105 mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, da aka sayar fam miliyan 3.72 a Landan a 2011. 'Yan kalmomi ne suka kai shi can, amma kalmomin suna jikin dinarin, kowa zai iya karantawa.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. Na ari sikeli na auna tawa, giram 3.3. Na kuma karanta bayanin waccan da kyau, ashe sun rubuta fatarta ta yi ramuka kuma akwai ɗan tsagu a baki. Hoton kawai na kalla da lambar.

Mai Sikeli:
3.3 daidai ne da zamaninsa. Kuma mai shago da ya sayar maka shi ma wataƙila a gwanjo ya ɗauko, ya biya la'ada, ya ajiye ta wata da watanni, ya kuma yarda ka mayar in ta zama jabu. Ɗan abin da ya ɗora hakkinsa ne. Nan gaba, kafin ka saya, shiga shafukan sakamakon gwanjo irin su acsearch ko CoinArchives ko taskar sakamakon gidan gwanjon CNG, ka jera guda goma masu kama da ita a kyau, na shekarun baya-bayan nan. Kada ka ɗauki mafi araha ka ce shi ne kasuwa. Kuma kada ƙiyasin gidan gwanjo ya ruɗe ka, wasu da gangan suke sa shi ƙasa don a taru.

Ɗan La'ada:
Ni dai har yanzu da na same ta a 115.

Hajiya Mujiya:
Da ka samu, bayan ka jira wata takwas ka faɗi gwanjo shida. Shi yana son tasa yanzu.

Sabon Hannu:
Hajiya kin gane ni. Ga wata kuma: ranar Lahadi akwai gwanjo da dinariyus ɗin Faustina Ƙarama, matar Markus. Ina son in haɗa su. Yuro 90 nake da shi, ba ƙari. Nawa zan taya?

Mai Sikeli:
Daga baya ake lissafi. Cire 20 na aikowa, saura 70. Raba da 1.2 in la'adarsu kashi 20 ce, ka samu 58 da ɗoriya. In takinsu biyar biyar ne, iyakarka 55.

Baba Tagulla:
Ka shigar da 55 ɗin tun da rana, ka rufe kwamfutar. Kada ka zauna kallon gwanjon. Kuma kada ka sa lambar kayan a nan, akwai masu ido.

Ɗan La'ada:
Baba, ni kuke nufi?

Baba Tagulla:
Ban kira suna ba.

Sabon Hannu:
Jama'a, an gama. Ta tafi a 60, taki ɗaya a kaina. Ban bi shawarar Baba duka ba, na zauna ina kallo, yatsana a kan maɓalli har agogon ya ƙare. Ban danna ba, amma har yanzu hannuna ƙaiƙayi yake.

Hajiya Mujiya:
Ba ka san inda wancan ya sa tasa iyakar ba, wataƙila 100 ce. Faustina tana da yawa, wata za ta fito kafin wata ya mutu. Ka nemi wadda kitson ya fito sosai.

Ɗan La'ada:
Kafin a tambaya, ba ni ba ne.